Baƙin Ƙarfe a Gurbin Filatinam: Neman Katalis Mai Araha Domin Batirin Haidurojin

Batirin haidurojin na'ura ce da ke haɗa iskar haidurojin da iskar oksijin ta samar da wutar lantarki kai tsaye, ba tare da an ƙona fetur ko gas ba, kuma abin da ke fita daga bututunta bai wuce ruwa da ɗan zafi ba. Ya bambanta da batirin mota ko na waya, domin waɗannan ajiyar wuta suke yi har ta ƙare a sake yi musu caji, shi kuwa samar da wutar yake yi muddin ana ba shi haidurojin daga tanki, yana kuma shaƙar oksijin daga iskar da ke kewaye da shi. Duk da wannan falala, da kuma daɗewar da ya yi a hannun masana, har yau bai zama kayan kowa da kowa ba, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan hakan shi ne dogaron da ya yi da filatinam, wani farin ƙarfe mai daraja wanda ya fi zinariya wuyar samu a doron ƙasa. Shekara sittin ke nan masana kimiyyar sinadarai suna neman abin da zai maye gurbinsa daga cikin baƙin ƙarfe da kabon da naitirojin, abubuwan da babu ƙasar da ta rasa su, kuma binciken ya kai matsayin da ƙarfin aiki ya kusa samuwa, abin da ya rage shi ne ƙarko.

Yadda batirin yake aiki

Wani lauya kuma masanin kimiyya ɗan Birtaniya mai suna William Grove ne ya bayyana wannan hikima a 1839, lokacin da ya nuna cewa idan aka tsoma sandunan filatinam biyu cikin ruwan asid, aka kewaye ɗaya da haidurojin ɗaya da oksijin, wutar lantarki za ta gudana a tsakaninsu. Fiye da shekara 100 bayan haka ne na'urar ta fita daga ɗakin gwaji, sa'ad da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗora ta a kumbunan Gemini da Apollo a shekarun 1960, inda a kumbunan Apollo take ba 'yan sama jannati wuta da ruwan sha a lokaci guda. A wannan ƙarni kuma ta sauko kan titi da layin dogo: kamfanin Toyota ya fitar da motar Mirai a Japan a ƙarshen 2014, Hyundai na Koriya ta Kudu ya fitar da Nexo a 2018, a shekarar ne kuma jirgin ƙasa na Coradia iLint, ƙirar kamfanin Alstom, ya fara ɗaukar fasinjoji a arewacin Jamus.

Irin batirin da ke cikin waɗannan motoci jerin ƙananan sassa ne masu faɗi da rashin kauri, waɗanda ake kira sel, an jera su an matse wuri guda. A sabuwar Mirai ta 2020 akwai 330. A tsakiyar kowane sel akwai wani siririn tantani na roba ta musamman, wanda ya fi shahara shi ne Nafion da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekarun 1960, an kuma shafa wa fuskokinsa biyu baƙin gari mai laushi. A fuskar da haidurojin ke shigowa, wadda ake kira anod, ana raba kowace ƙwayar haidurojin zuwa furoton da elektiron, wato ƙananan ɓangarori biyu da suka haɗu suka yi ƙwayar zarrarta. Tantanin yana barin furoton ya ratsa shi amma yana tare elektiron, don haka dole elektiron ya zagaya ta cikin waya, wannan zagayen kuwa shi ne wutar lantarkin da ke juya injin motar. A ɗaya fuskar, wadda ake kira katod, furoton da elektiron suna sake haɗuwa tare da oksijin su zama ruwa, har kowane kilo ɗaya na haidurojin yakan haifar da kimanin kilo 9 na ruwa.

A lissafi, kowane sel ya kamata ya ba da folt 1.23, amma idan yana ɗauke da aiki abin da ake samu bai cika wuce folt 0.6 zuwa 0.7 ba, kuma kaso mafi tsoka na wannan asara a katod yake faruwa. Dalili shi ne ƙwayar oksijin zarra biyu ce da suka riƙe juna gam, kuma kafin ta zama ruwa sai an tsinke wannan riƙo, an kuma kawo mata elektiron huɗu da furoton huɗu bi da bi, aikin da yake da nawa ƙwarai a zafin da batirin ke aiki, wato kimanin digiri 80 a ma'aunin Selsiyos. Raba haidurojin a anod ya fi wannan sauri sau dubbai, shi ya sa mafi yawan filatinam ɗin da ke cikin batiri a katod ake zuba shi, kuma nan ne masu bincike suka fi mai da hankali.

Aikin katalis da tsadar filatinam

Baƙin garin nan da ake shafa wa tantani shi ne katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare a cikin haɗin ba. Matsayinsa kamar na dillali ne a kasuwa, wanda ke jawo mai saye da mai sayarwa wuri guda ya ƙulla ciniki, sannan ya sallame su ya karɓi na gaba. Idan riƙonsa ya yi sako-sako ciniki ba zai ƙullu ba, idan kuma ya riƙe su fiye da kima layi zai tsaya. Wannan ƙa'ida ta tsaka-tsaki ana danganta ta ga masanin Faransa Paul Sabatier, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1912, kuma filatinam ya yi fice ne saboda riƙon da yake yi wa oksijin ya kusa da daidai, ga shi kuma yana jure wa asid, alhali yawancin ƙarafa narkewa suke yi a cikinsa. Wannan juriya tana da muhimmanci, domin cikin tantanin Nafion yanayi ne mai tsananin asid, irin na ruwan batirin mota.

Matsalar filatinam ita ce ƙarancinsa da kuma taruwarsa a wurare ƙalilan. Abin da ake haƙowa a duk duniya bai cika wuce tan 180 zuwa 190 a shekara ba, alhali zinariya ana haƙo fiye da tan 3,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa, musamman yankin Bushveld, sai Rasha da Zimbabwe da ke biye. Kafin a sami 'yan giram kaɗan sai an fasa an niƙe tan guda na dutse, galibi daga ramuka masu zurfi, don haka yajin aiki ko ƙarancin wutar lantarki a ƙasa ɗaya yakan girgiza kasuwar duniya baki ɗaya. A farkon 2008, lokacin da matsalar wuta ta tsayar da ma'adinan Afirka ta Kudu, farashin oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ya haura dala 2,200, amma kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da dala 900, kuma babu masana'antar da za ta ji daɗin tsara makomarta a kan kayan da farashinsa ke irin wannan hawa da sauka.

An yi nisa wajen rage yawan filatinam da ake bukata. Batiran farko suna cin kimanin miligiram 4 a kowace murabba'in santimita, amma aikin da aka yi a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka daga shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ya sauko da shi sau goma, ta hanyar warwatsa filatinam ɗin a matsayin ƙananan ɗigo a kan garin kabon domin kowane ɗigo ya sami iska. Daga baya an riƙa gauraya shi da kobalt domin ƙara masa kuzari. Duk da haka motar haidurojin guda tana ɗauke da tsakanin giram 10 zuwa 30, kuma ko da an tsaya a kan giram 10, idan aka ce dukan motoci kimanin miliyan 90 da duniya ke ƙerawa a shekara su koma wannan fasaha, za a bukaci tan 900, wato kusan ninki biyar na abin da ake haƙowa. Ƙiyasin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya nuna cewa idan ana ƙera batiri 500,000 a shekara, katalis kaɗai zai ci kimanin kashi 40 cikin 100 na kuɗin jerin sel ɗin, saboda sauran kayan suna araha idan aka yawaita ƙera su, shi kuwa filatinam yawan nema ƙara masa tsada yake yi.

Darasin da aka ɗauko daga jikin halitta

Tunanin cewa baƙin ƙarfe zai iya wannan aiki ya samo asali ne daga jikin mai rai. Jan launin jini ya fito ne daga wani sinadari da ke ɗauke da zarrar baƙin ƙarfe guda ɗaya, wadda zarrar naitirojin huɗu suka kewaye suka riƙe, kuma ita ce ke kama oksijin a huhu ta kai shi sassan jiki. A cikin ƙwayoyin halittar jiki kuma akwai wani sinadari mai ɗauke da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, wanda ke mai da oksijin ruwa ta hanyar ba shi elektiron huɗu da furoton huɗu, wato daidai aikin da ake nema a katod, kuma yana yin haka a zafin jiki ba tare da ko ƙwaya ɗaya ta filatinam ba.

A 1964 Raymond Jasinski ya wallafa a mujallar Nature cewa wani sinadari mai kama da rini, wanda tsarinsa ya yi kama da na jan jini sai dai kobalt ne a tsakiyarsa, yana iya hanzarta aikin oksijin a katod. Sinadarin bai jure wa asid ba, amma a shekarun 1970 aka gano cewa idan aka gasa irinsa tare da kabon a zafi mai tsanani inda babu oksijin, ƙarfinsa da juriyarsa suna ƙaruwa. A 1989 rukunin Ernest Yeager na jami'ar Case Western Reserve a Amurka suka nuna cewa ba sai an fara da wannan sinadari mai tsada ba, ya isa a haɗa gishirin ƙarfe da wata roba mai ɗauke da naitirojin da kabon a gasa su tare. Daga nan ne aka sami dangin katalis da ake yi wa laƙabi da Fe-N-C, haruffan da ke wakiltar baƙin ƙarfe da naitirojin da kabon a rubutun masana sinadarai.

Babban ci gaba ya zo a 2009 daga rukunin Jean-Pol Dodelet na cibiyar INRS da ke lardin Kwibek a Kanada, kuma yadda suka yi aikin ya cancanci a duba shi da kyau, domin ya nuna sauƙin kayan haɗin da kuma wuyar sarrafa su. Sun ɗauki garin kabon mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, suka haɗa shi da gishirin baƙin ƙarfe da wani sinadari mai naitirojin, suka zuba a injin niƙa mai ƙwallayen ƙarfe domin a cusa haɗin cikin ramukan da ƙarfi. Sannan suka sa garin a cikin tanda mai siffar bututu, suka gasa shi a digiri 1,050 ƙarƙashin iskar agon wadda ba ta haɗuwa da komai, suka sake gasa shi a digiri 950 ƙarƙashin iskar amoniya, wadda ke cinye wani ɓangare na kabon ɗin ta buɗe sababbin ramuka. Abin da ya fito baƙin gari ne da ba a bambanta shi da kunkunniya a ido, amma kuzarinsa ya ninka na irinsa da aka sani a baya fiye da sau 30, kamar yadda suka bayyana a mujallar Science. Sai dai wannan kuzari bai daɗe ba, domin cikin 'yan kwanaki na aiki ya zube ƙwarai.

A 2011 Gang Wu da Piotr Zelenay da abokan aikinsu na Los Alamos suka fito da wani haɗi na baƙin ƙarfe da kobalt da wata roba mai suna foliyanilin, wanda ya yi aiki na sa'a 700 ba tare da raguwa mai yawa ba, ko da yake a folt 0.4 ne, ƙasa da inda ake son kowane sel na motar haidurojin ya tsaya. A shekarar ne kuma rukunin Dodelet suka koma amfani da wani sinadari mai suna ZIF-8, wanda yake cikin dangin sinadarai masu tsarin saƙa da ramuka, dangin da Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi suka sami lambar Nobel ta 2025 a kansa. Amfaninsa shi ne yana ɗauke da tutiya da naitirojin da kabon a jere, kuma da yake tutiya tana tafasa a digiri 907, idan aka gasa shi sai ta tashi ta bar guraben da baƙin ƙarfe zai zauna, kowace zarra a nata gurbin.

Gano inda aikin yake faruwa

Shekaru da dama masana sun yi ta jayayya a kan ainihin abin da ke aiki a cikin wannan baƙin gari, domin gashi yakan bar tarkace iri-iri, har da dunƙulen ƙarfe da ba su da amfani, wasu ma suna ganin naitirojin da kabon kaɗai ke aikin. A 2015 rukunin Frédéric Jaouen na birnin Mompeliye a Faransa suka haɗa katalis da babu dunƙulen ƙarfe a cikinsa, suka haska shi da hasken eksire mai ƙarfi, suka tabbatar cewa cibiyar aikin zarra ɗaya ce ta baƙin ƙarfe da naitirojin huɗu suka riƙe a cikin shimfiɗar kabon, kusan irin tsarin da ke cikin jini. A 2017 kuma masana na Los Alamos da Oak Ridge suka ɗauki hoton waɗannan zarra ɗai-ɗai da madubin elektiron mai ƙara girman abu sau miliyoyi.

Wannan sani ya sauya salon bincike daga gwada sa'a zuwa gini da gangan, domin tambaya ta koma yadda za a yawaita waɗannan cibiyoyi a kuma sa su a fuskar da iska ke isa, tun da idan aka ƙara baƙin ƙarfe fiye da kima kafin gashi, dunƙulewa yake yi ya zama tarkace. A 2021 masu bincike a jami'ar Northeastern da ke Boston suka bi da tururin gishirin baƙin ƙarfe a kan kabon mai ɗauke da tutiya a digiri 750, inda baƙin ƙarfen ya riƙa ture tutiya yana zama a gurbinta a saman garin. A 2022 rukunin Anthony Kucernak na kwalejin Imperial da ke Landan suka yi irin wannan musaya, suka kai baƙin ƙarfe kashi 7 cikin 100 na nauyin katalis, dukansa a warwatse zarra ɗai-ɗai. Da waɗannan dabaru aka matso kusa da mizanin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta gindaya, wato amfiya 0.044 a kowace murabba'in santimita a folt 0.9, adadin da shekara ashirin da suka wuce ake ganin baƙin ƙarfe ba zai taɓa kusantarsa ba.

Ƙarko, inda gizo ke saƙar

Mizanin da ake nema ga batirin ƙaramar mota shi ne ya yi aiki na sa'a 5,000 zuwa 8,000, na babbar motar dakon kaya kuwa sa'a 25,000 zuwa 30,000, alhali katalis na baƙin ƙarfe mafi kuzari yakan yi asarar babban kaso na ƙarfinsa cikin sa'o'i 100 na farko. Abubuwa da dama ne suka taru suka jawo haka. Asid yana zare zarrar baƙin ƙarfe daga gurbinta, kabon ɗin da ke riƙe da ita yana cinyewa sannu a hankali, ruwan da batirin ke samarwa kuma yakan cika ƙananan ramuka ya toshe wa iska hanya. Mafi muni shi ne wani lokaci oksijin yakan karɓi elektiron biyu kacal maimakon huɗu, sai ya zama haidurojin feroksaid, sinadarin nan da ake wanke rauni da shi, wanda idan ya haɗu da baƙin ƙarfe yakan fashe zuwa wasu ɓarɓashi masu tsananin ci. Wannan haɗuwa, wadda masanin Ingila Henry Fenton ya bayyana tun 1894, tana sa katalis ɗin ya riƙa lalata kansa da kansa, ya kuma huda tantanin da yake manne da shi.

Akwai kuma matsalar kauri. Da yake cibiyoyin aiki a cikin Fe-N-C ba su kai na filatinam yawa da sauri ba, dole a shafa shi da yawa, har shimfiɗarsa takan kai maikiron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, alhali ta filatinam ba ta cika wuce maikiron 10 ba. A cikin shimfiɗa mai kauri oksijin yana wahala kafin ya kai ciki, ruwa yana wahala kafin ya fito, don haka katalis ɗin da ya yi abin mamaki da tsantsar oksijin a ɗakin gwaji yakan ja baya idan aka ba shi iskar gari, wadda kashi 21 cikin 100 ne kawai nata oksijin. Idan ƙarfin kowane sel ya ragu sai an ƙara yawan sel ɗin, ƙarin sel kuwa yana nufin ƙarin tantani da faranti da nauyi, ta yadda kuɗin da aka tsira da shi a wajen katalis zai iya zurarewa ta wata kafa, kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. Ga shi kuma filatinam yana da wata falala da ba a cika ambata ba, wato ana iya kwato mafi yawansa daga tsohon batiri a sake amfani da shi.

Bincike na 'yan shekarun nan ya fara warware wannan ƙulli. A 2021 rukunin Jaouen suka nuna cewa cibiyoyin baƙin ƙarfe iri biyu ne: akwai masu kuzari ƙwarai amma masu saurin rugujewa su zama tsatsa, akwai kuma masu ƙarancin kuzari waɗanda ba su sauya ba bayan sa'a 50 na aiki. A 2022 Gang Wu, wanda a lokacin yake jami'ar Buffalo, da abokan aikinsa suka lulluɓe katalis mai kuzari da siririyar rigar kabon mai naitirojin, abin da ya mai da cibiyoyi masu rauni zuwa masu juriya ba tare da kuzarin ya zube gaba ɗaya ba. Wasu sun bi hanyar ƙara wa katalis ƙananan ɗigon sinadaran da ke kama ɓarɓashin feroksaid kafin su yi ɓarna, irin su oksaid na siriyam ko na tantalam da titaniyam, wasu kuma sun maye gurbin baƙin ƙarfe da kobalt ko manganis, waɗanda ba su cika haddasa haɗuwar Fenton ba amma kuzarinsu bai kai nasa ba. Kobalt yana da tasa damuwar, domin kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, wato za a sake komawa dogaro da ƙasa guda.

Hanya ta biyu: sauya yanayin batirin

Tun da asid ne tushen yawancin wahalar, wasu masana suka ga ya fi a guje masa, a koma yanayin alkalin, wato irin ɗabi'ar kanwa da ruwan toka, inda ƙarafa masu araha ba sa narkewa da sauri kuma aikin oksijin ya fi sauƙi. Hanyar tana da tarihi, domin batirin da injiniyan Ingila Francis Bacon ya nuna a 1959, wanda ya zama tushen na kumbunan Apollo, da nikel yake aiki a cikin ruwan alkalin mai zafi. Sabon salon yana amfani da tantani mai ƙarfi a maimakon ruwa, kuma a 2021 rukunin William Mustain na jami'ar South Carolina suka samu fiye da wat 2 a kowace murabba'in santimita da katod na Fe-N-C, ƙarfin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da na filatinam. A 2022 masu bincike na jami'ar Cornell ƙarƙashin Héctor Abruña, tare da takwarorinsu na jami'ar Wuhan ta ƙasar Sin, suka gabatar da sel da babu ƙarfe mai daraja ko kaɗan a cikinsa, anod ɗinsa nikel ne da aka lulluɓe da kabon, katod ɗinsa kuma oksaid na kobalt da manganis.

Nan ma akwai cikas, domin a yanayin alkalin raba haidurojin a anod, wanda yake da sauƙi a asid, yakan yi nawa kusan sau 100, iskar kabon dayoksaid da ke cikin iskar gari kuma tana shiga tantanin ta rage masa ƙarfi, sannan tantanin kansa bai kai Nafion daɗewa ba. Duk da haka wannan ita ce hanyar da ta fi ba da fatan fitar da filatinam daga fuskokin sel biyu baki ɗaya.

Inda za a fara cin moriyarsa

Katalis marar filatinam ya riga ya leƙa kasuwa, ko da yake a ƙaramin mataki. A watan Satumba na 2017 kamfanin Ballard na Kanada da Nisshinbo na Japan suka sanar da wani ƙaramin batiri mai wat 30 wanda katod ɗinsa ba shi da ƙarfe mai daraja, abin da ya rage filatinam ɗin da ke cikinsa da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma katalis ɗin ya samo asali ne daga binciken Jun-ichi Ozaki na jami'ar Gunma. A Amurka ma kamfanin Pajarito Powder na birnin Albuquerque yana sayar da garin Fe-N-C ga masu bincike da masana'antu, Ma'aikatar Makamashi kuma ta kafa haɗakar cibiyoyi mai suna ElectroCat a 2016 domin wannan aiki.

Wannan mafari ya nuna inda fasahar za ta fi saurin samun gindin zama, wato na'urorin da ke zaune wuri guda ko masu aiki jefi-jefi, irin su wutar ko-ta-kwana ta asibitoci da turakun sadarwar waya, inda girma da nauyi ba su da illa kamar a mota, kuma sa'o'in aiki ba su da yawa. Katalis na baƙin ƙarfe yana da wata fa'ida a irin waɗannan wurare, domin ya fi filatinam jure wa wasu gurɓatattun abubuwa kamar kabon monoksaid. A ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda dubban turakun sadarwa da ɗakunan shan magani suka dogara da janareta mai shan gas, kuma rana ta wadata da za a iya raba ruwa da wutarta a sami haidurojin, farashin batirin yana cikin abubuwan da za su tantance ko wannan fasaha za ta iso ko za ta tsaya a ƙasashe masu hannu da shuni.

Wajibi ne a tuna cewa katalis ɓangare ɗaya ne na lissafin. Duniya tana amfani da haidurojin fiye da tan miliyan 90 a shekara, galibi wajen tace mai da haɗa takin zamani, kuma kusan dukansa daga iskar gas da kwal ake samo shi, abin da ake samarwa ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sannan wasu na'urorin raba ruwa suna bukatar iridiyam, ƙarfen da ya fi filatinam ƙaranci nesa ba kusa ba. Saboda haka irin wannan bincike na neman ƙarafa masu araha ana bukatarsa a ɓangaren samar da haidurojin kamar yadda ake bukatarsa a ɓangaren amfani da shi. Ga mai karatu da zai ci karo da labarin cewa an gano katalis da ya kamo filatinam, tambayoyi huɗu sun isa su auna labarin: shin a cikin cikakken sel aka gwada shi ko a kwalbar ruwan gwaji, da iskar gari ko da tsantsar oksijin, a wane folt, kuma na sa'a nawa. Ranar da aka amsa tambaya ta ƙarshe da dubban sa'o'i, a hannun rukunin bincike fiye da ɗaya, za a iya cewa baƙin ƙarfe ya cancanci gurbin da aka shafe shekara sittin ana nema masa.